Yanar Ido da Dashen Gilashi: Amfaninsa da Haɗarinsa ga Dattawan Birnin Kano



Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan aikin da likitocin ido ke yi na cire yana da dasa gilashi a cikin ido, da irin matsalolin da kan biyo bayan wannan aiki, sa'an nan a taɓo sauran cututtukan da tsufa kan jawo wa ido da yadda ake maganinsu. An zaɓi a yi maganar a kan birnin Kano da kewayensa, domin da wuya a sami gida a cikin ganuwa wanda ba shi da dattijo ko tsohuwa da ganinsu ya raunana, kuma galibi ɗalibi ko ma'aikacin da ke gidan shi akan ɗora wa nauyin kai su asibiti, shi ne kuma zai yanke shawarar a yi aiki ko kada a yi.

Duk wanda ya san cikin birni ya san yawancin sana'o'insa da ido ake cin abinci. Mai ɗinkin hula yana ƙirga zare ne ɗaya bayan ɗaya. Baduku yana bin zane da basilla, marini a Ƙofar Mata yana duban launin baba ya gane ko tufa ta sha, malami kuma yana sa wasali da ɗigo a allo ko a takarda, inda kuskuren ɗigo guda kan canja ma'ana. Idan ido ya dushe, sana'a ta tsaya. Bayan haka sai a cire yaro ko yarinya daga makaranta a ce ya riƙa yi wa kaka jagora zuwa masallaci ko Kasuwar Kurmi, makantar mutum ɗaya ta zama ta taɓa mutum biyu. Tun zamanin da, Kano tana da tsarin kula da makafi, da Sarkin Makafi da unguwarsu a gindin Dala, abin kuwa da ya cancanci yabo ne. Amma binciken wannan zamani ya nuna cewa yawancin waɗanda suka makance a ƙasar nan ba su kamata su makance ba.

Daga 2005 zuwa 2007 an yi wani babban bincike a duk faɗin Nijeriya, aka auna idanun mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka tarar kashi 4.2 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru makafi ne, watau mutum fiye da miliyan ɗaya a lokacin, kuma abin ya fi tsanani a Arewa. Yanar ido ita ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta, hawan jinin ido ya biyo ta da kusan kashi 17. A jimlace, kashi 84 cikin ɗari na makantar irin wadda ake iya hanawa ce ko a warkar.

Sunan da Hausawa suka ba cutar yana da ɗan ruɗi. Idan aka ce yana, sai mutum ya tuna da yanar da kan kwanta a kan kunu ko madara, ya ɗauka wani abu ne ya rufe ido daga waje, wanda za a iya kankarewa ko a wanke. Shi ya sa akan ji ana cewa an yi wa wane wankin ido. Larabawa ma farin ruwa suke ce mata, domin sun ɗauka ruwa ne ke sauka cikin ido. Gaskiyar al'amari kuwa ita ce, a bayan baƙin ido akwai wani ɗan gilashi na halitta, garai-garai, faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba, yana zaune cikin wata 'yar jaka mai laushi kamar tantanin ƙwai. Aikinsa shi ne tattara haske ya kai shi kan tantanin gani da ke can bayan ido. Da shekaru suka tura, sai sinadarin da ke cikin wannan gilashi ya soma daskarewa, kamar yadda farin ƙwai kan koma fari fat idan ya ji wuta. To, wannan ita ce yana. Tun da yake gilashin ne da kansa ya lalace, babu kwalli, babu tozali, babu maganin ɗigawa na asibiti ko na gargajiya da zai mayar da shi yadda yake. Sai dai a fitar da shi.

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce sukar ido. Mai wannan sana'a yakan soka wani tsinke ta gefen ido, ya ture gilashin da ya yi fari ya faɗa can ciki, haske ya sami hanya. Nan take mara lafiya zai ga yatsun da aka nuna masa, jama'a su yi kabbara, mai aiki ya karɓi ladansa ya wuce gari na gaba. Abin da ke biyo baya ba a gabansa yake faruwa ba. Gilashin da aka ture yana nan cikin ido yana yawo, yakan jawo kumburi, ko ya toshe hanyar ruwan ido, ko ƙwayoyin cuta su bi ramin tsinken su shiga. Wancan bincike na ƙasa ya tarar cewa a cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 cikin ɗari sukar gargajiya aka yi musu, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na idanun da aka soka ɗin makafi ne a ranar da aka auna su. Bai kamata a yi wa mutanen da suka bi wannan hanya dariya ba. Mai sukar ido yakan zo har zaure, yana jin Hausa, yana karɓar biya kaɗan-kaɗan ko a ba shi akuya, alhali asibiti sai an yi sammako an bi layi. Wanda ke son a bar sukar ido, dole ya dubi waɗannan dalilai.

Masana sun daɗe da gane cewa fitar da gilashin ya fi ture shi. Wajen shekara ta 1000, Ammar al-Mausili, wani likita mutumin Mausil da ya yi aiki a Masar, ya ƙera allura mai rami yana zuƙe yana mai taushi da ita. A 1747 wani Bafaranshe, Jacques Daviel, ya soma tsaga ido yana fitar da gilashin. Amma idon da aka raba da gilashinsa ba ya tattara haske, saboda haka sai an ba mutum tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Manya da yawa a nan za su tuna da tsofaffi masu irin wannan tabarau, an ɗaure shi da zare ta ƙeya. Yana ƙara wa abu girma da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, yana sa mutum ya kasa auna tudu da gangare, in kuwa ya karye ko ya ɓace, mai shi ya koma makaho.

Wanda ya kawo gyara shi ne Harold Ridley, likitan ido a Ingila. Ba baƙo ba ne ga Afirka ta Yamma, domin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin soja a ƙasar da ake kira Gana yanzu, har ya je arewacinta ya yi nazarin makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa. Ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu, idon bai ƙi robar ba, tana zaune shekara da shekaru ba kumburi. Sai ya sa aka ƙera masa gilashi da irin wannan roba, ya soma aikin dasa shi a 1949 a Asibitin St Thomas da ke Landan. Manyan likitocin lokacin suka yi masa ca, kuma ba a ce ba su da hujja ba, gama gilashinsa na farko yana da nauyi, yakan zame ya faɗa cikin ido. An shafe kusan shekara 30 ana gyare-gyare kafin aikin ya karɓu. Ridley kansa sai a 2000 aka ba shi sarautar girmamawa, yana da shekara fiye da 90, ya rasu a 2001.

Ko bayan da aikin ya karɓu a Turai, tsadar gilashin ta hana shi isowa ga talakan Afirka. Abin ya canja ne bayan 1992, lokacin da Asibitin Aravind na Madurai a Indiya ya kafa masana'antar Aurolab, sa'an nan Gidauniyar Fred Hollows ta buɗe nata masana'antu a Asmara da Katmandu a 1994. Gilashin da ake saye dala ɗari ko fiye ya dawo ƙasa da dala goma. A Kano kuwa, aikin ido na asibiti yana da tarihi. Asibitin Ido na Mishan, wanda ke hannun ECWA, an kafa shi a 1943, ya kuma daɗe yana karɓar marasa lafiya daga Nijar da Cadi da Kamaru. Akwai sashen ido a Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano wanda aka kafa a 1988, da Asibitin Ido na Makka, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna inda akan tura aikin da ya yi wuya.

Yadda ake aikin a taƙaice shi ne, akan kashe zafin ido da allura ko da maganin ɗigawa, mutum yana farke. Likita ya tsaga gefen ido, ya buɗe fuskar 'yar jakar nan, ya fitar da gilashin da ya lalace, ya bar bayan jakar, ya zaunar da gilashin roba a cikinta. Hanyar da aka fi bi a asibitocin ƙasar nan ita ce ta tsaga mai faɗin milimita 6 zuwa 7, wadda ke rufe kanta ba ɗinki. Akwai kuma hanyar da Charles Kelman ya ƙago a Amurka a 1967, inda na'ura ke farfasa yanar tana zuƙewa ta tsagar da ba ta wuce milimita 3 ba, sai a shigar da gilashi mai naɗewa. Ta biyun ta fi tsada, ido kuma ya fi saurin warkewa, amma idan yana ta yi tauri ƙwarai, kamar yadda akan gani a nan, ta farkon ba ta gaza ta ba a hannun gwani. Aikin duka ba ya wuce minti 20 in babu tangarɗa.

To, sai maganar tangarɗar. Aiki ne mai nasara ƙwarai, amma aikin fiɗa ne, kuma wanda aka ce masa wanki kawai za a yi ba a shirya shi ga abin da ka iya faruwa ba.

Matsalar da likita ya fi tsoro yana tsakiyar aiki ita ce yagewar bayan jakar. Ko a ƙasashen da suka ci gaba, hakan kan faru a wajen ido 2 cikin 100. Idan ta yage, ruwan nan mai yauƙi da ya cika bayan ido sai ya ɓullo gaba, gutsuren yana kan iya faɗawa ciki, gilashin dashe kuma ya rasa wurin zama. Gwani yakan share ruwan, ya ɗora gilashin a wani gurbi, ko ya rufe ido ya jinkirta dashen. Abin da ya kamata iyalin mara lafiya su sani shi ne, haɗarin yagewa yana ƙaruwa idan an bar yana ta wuce kima. Akwai tsohuwar magana cewa sai yana ta nuna ake cire ta. Wannan ƙa'idar zamanin da ake fizge gilashi dungurungum ce, ta daina aiki. Yanar da aka bari ta daɗe takan kumbura ko ta narke, ta toshe hanyar ruwan ido, mutum ya wayi gari da jan ido da ciwon kai mai tsanani har da amai, jijiyar gani ta mutu cikin kwanaki. Lokacin aiki shi ne lokacin da yana ta soma hana mutum sana'arsa ko karatunsa.

Wadda ta fi kowacce muni ita ce shigar ƙwayoyin cuta cikin ido, ya yi ruwa daga ciki. Ba ta cika faruwa ba, ba ta fi ido ɗaya cikin dubu ba inda ake kiyaye tsabta, amma in ta faru takan tafi da ido gaba ɗaya. Yawanci a makon farko take bayyana. Idon da aka buɗe jiya yana gani, yau sai ya soma zogi, ya yi ja, fatarsa ta kumbura, gani ya riƙa raguwa. Wannan ba abin da za a ce a bari zuwa ranar da aka rubuta a kati ba ne, ba kuma na jiran wayewar Litinin ba. Magani shi ne allurar kashe ƙwayoyin cuta a cikin idon kansa, wani lokaci har da aikin kwashe ruwan bayan ido, kuma sa'o'i ake ƙirgawa. Daga ɓangaren asibiti, rigakafin shi ne wanke ido da ruwan aidin kafin a soma, da tsabtace kayan aiki tsakanin mara lafiya da mara lafiya, da zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin ido a ƙarshen aiki, wanda wani babban gwaji da aka yi a Turai, aka buga sakamakonsa a 2007, ya nuna yana rage haɗarin da wajen ninki biyar. Daga ɓangaren gida kuwa, sai a dubi halin da tsohuwa za ta koma ciki: ƙurar hunturu, hayaƙin murhu, ruwan rijiya, gefen zane da ake share ido da shi, jika da ke tsalle a jikinta, da maƙwabciya mai kyakkyawar niyya da za ta kawo kwalli ko wani jiƙo ta ce yana sa ido ya washe. Tsinken kwallin da gida duka ke amfani da shi bai kamata ya kusanci idon da aka yi wa aiki ba. Dattawa sukan yi tambaya a kan alwala da sujada, tambaya ce kuwa mai kyau, sai a yi ta a gaban likita tun kafin sallama, domin a yawancin lokaci akan nemi mutum ya kiyaye shigar ruwa cikin ido da yawan sunkuyo na mako ɗaya ko biyu.

Akwai wata matsala da ba ta zogi, ba ta ja, ba ta kai kowa asibiti da dare, amma ita ce ta fi yawan rage amfanin aikin, watau dasa gilashin da ƙarfinsa bai dace da idon ba. Idanu ba tsawonsu ɗaya ba. Kafin aiki ya kamata a auna tsawon ido da lanƙwasar fuskarsa da na'ura, a yi lissafi, a zaɓi lambar gilashi. Inda babu na'urar, ko ta lalace, ko kuma lamba ɗaya ko biyu kaɗai ke cikin sito, sai a dasa wa kowa abin da ke akwai. Mutum zai ga hanya, zai gane fuska, ya yi godiya, amma ba zai koma kan ɗinkinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye ma'auni cewa aƙalla ido 80 cikin 100 da aka yi wa aiki ya kamata su sami gani mai kyau, waɗanda ganinsu ya yi muni kuma kada su wuce 5. Binciken 2005 zuwa 2007 ya tarar Nijeriya tana ƙasa da wannan ma'auni nesa, ya kuma tarar da yawa daga cikin idanun tabarau kawai suke buƙata su gyaru. Saboda haka ɗalibi ko ma'aikacin da ya kai mahaifinsa yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi ko an auna idon, kuma ya mayar da shi bayan mako shida a gwada masa tabarau. Gilashin dashe na yau da kullum nisa ɗaya yake gani, ba ya miƙewa ya tsuke kamar na ƙuruciya, don haka tabarau na karatu ba alamar aiki ya ɓaci ba ne. Akwai gilasai masu tsada da ke ganin nesa da kusa, sai dai wasu masu su kan yi kukan ganin zobe kewaye da fitila da dare, abin da direba ya kamata ya sani kafin ya biya.

Sa'an nan akwai abin da jama'a ke kira dawowar yana. Yana ba ta dawowa, tun da an fitar da gilashin. Bayan jakar da aka bari ne ke yin hazo bayan watanni ko shekaru, kuma yakan sami wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar. Maganinsa tun wajen 1980 shi ne hasken leza, wanda ke huda tsakiyar hazon cikin 'yan mintoci, mutum yana zaune, ba tsaga ba jini. Abin takaici ne a ga dattijo ya koma gida ya zauna a duhu, yana cewa an yi aiki bai yi ba, alhali abin da ya rage masa bai kai zaman aski ba. Sauran matsalolin, kamar kumburin fuskar ido, da taruwar ruwa a cibiyar gani, da zamewar gilashi, da ɓallewar tantanin gani, ba su kai waɗannan yawa ba. Na ƙarshen yana da alamu da ya kamata a sani: walƙiya a gefen ido, ɗige-ɗige kamar ƙudaje da suka ƙaru farat ɗaya, da inuwa kamar an saki labule.

Dole a ce wani abu a kan maganin ɗigawa da akan bayar bayan aiki. A cikinsa akwai mai kashe kumburi, wanda ake ragewa sannu a hankali a daina cikin mako huɗu zuwa shida. Tun da yake yana sa ido ya yi sanyi ya washe, wasu sukan ɗauki kwalbar su je kemis su yi ta saye wata da watanni. A wasu mutane wannan magani yana ɗaga ƙarfin ruwan ido ya kashe jijiyar gani a ɓoye. Nan ne kuma raunin aikin ido na kyauta da akan shirya na kwana uku ko mako guda yake. Masu ɗaukar nauyinsa sun yi alheri, dubban mutane sun sami gani ta wannan hanya. Amma ƙidayar da ake bayarwa ta idanun da aka yi wa aiki ce, ba ta idanun da ke gani bayan wata shida ba. Ma'aikatan da irin wannan takarda ke bi ta teburinsu suna iya tambaya: wa zai duba waɗannan mutane a mako na farko da na shida, a ina, kuma an ware kuɗin hakan?

Ba kowane dushewar ido na tsufa ne yana ba, rashin sanin haka kuwa yana jawo zargin likita a banza. Cutar da ake kira hawan jinin ido, wadda likitoci ke ce wa gulukoma, ba ta da dangantaka da hawan jini na jiki yadda sunan ke nunawa. Ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, ƙarfinsa ya hau, ya riƙa danne jijiyar gani. Tana cin gani daga gefe zuwa tsakiya, ba zafi, har mutum ya koma kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ta fi kama baƙar fata da wuri, tana kuma bin dangi. Binciken ƙasa ya tarar tana jikin kashi 5 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama, a cikinsu kuwa wajen mutum ɗaya cikin ashirin ne kaɗai ya san yana da ita. Abin da ta ci ba ya dawowa. Idan mutum yana da ita tare da yana, aka cire yanar, ganin da zai samu shi ne iyakar abin da jijiyar ta rage. Ana tsayar da ita da maganin ɗigawa irin su timolol da latanoprost, ko da leza, ko da aikin buɗe wa ruwa magudana wanda aka soma a 1968. Timolol bai dace da mai asma ba. Wahalar maganin ɗigawa ita ce har ƙarshen rai ake sa shi, ana saye kowane wata, mutum kuma ba ya ganin wani sauƙi, sai ya gaji ya bari. A watan azumi ma wasu sukan ajiye shi, alhali wanda ake sawa sau biyu yana yiwuwa a sa shi da sahur da bayan shan ruwa. Saboda waɗannan dalilai likitoci da yawa a Afirka sukan ba da shawarar aiki da wuri ga wanda ba zai iya riƙe sayen magani ba. Wanda aka sami wannan cuta ga mahaifinsa ko ɗan'uwansa, ya kamata ya je a duba shi ko da yana karanta jarida ba tabarau.

Akwai kuma lalacewar cibiyar gani saboda tsufa. Ita ce kan gaba wajen makantar da tsofaffi a Turai da Amurka, amma ba ta kai haka yawa a cikin baƙar fata ba. Tana cin tsakiyar gani ta bar gefe, mutum ya ga rigar mai magana amma fuskar ta ɓace, layin rubutu kuma ya karkace. Iri biyu ce. Busasshiya tana tafiya a hankali, babban abin da ke hannun mutum a kanta shi ne barin taba. Jiƙaƙƙiya kuwa, wadda wasu sababbin jijiyoyin jini ke tsirowa suna yoyo, tana da sauri, kuma ana maganinta da allura a cikin ido. A 2006 aka amince da Lucentis a Amurka, Eylea ya biyo a 2011. Kafin nan likitoci sun gano cewa Avastin, maganin ciwon daji na hanji, yana yin wannan aiki a farashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, kuma gwajin da Cibiyar Ido ta gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa ya nuna a 2011 cewa amfaninsu ya yi kusan daidai. Sai dai Avastin a babbar kwalba yake zuwa, ana rarraba shi ga mutane da yawa, in ba a kiyaye tsabta wajen rabon ba, kwalba ɗaya tana iya ɓata idanu da dama. Allurar kuma ba ta sau ɗaya ba ce, akan soma ne wata-wata, wanda ya yi biyu ya tsaya saboda kuɗi sai yoyon ya dawo.

A Kano, waɗanda suka fi buƙatar wannan allura su ne masu ciwon sukari, domin sukari yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin tantanin gani, su yi yoyo ko su fashe, kuma cuta ce da ke ƙaruwa a cikin 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis masu yawan zama. Tun 1976 aka tabbatar cewa ƙona gefen tantanin da haske yana rage haɗarin makanta mai tsanani da wajen rabi, in an yi shi kafin jini ya zuba. Mai ciwon sukari yakan yi yana da wuri, kuma aikin yana kan iya tayar da lalacewar da ke kwance a bayan idonsa. Shi ya sa akan auna sukarinsa kafin a shiga da shi ɗakin fiɗa, a kuma nemi ya zo sau ɗaya a shekara a ɗiga masa maganin buɗe ido a leƙa bayansa, ko da bai ji komai ba.